Na Kasa Gama Littafina, Ko Dai In Ajiye Alƙalami?

Assalamu alaikum Anti,

Ni malamar makaranta ce, kuma tun ina sakandare nake rubuce-rubuce. Akwai wani ƙagaggen labari da na daɗe da farawa, har yau ban ga ƙarshensa ba. Duk ranar da na zauna zan ci gaba, sai in koma babin farko, in ga wata jimla ba ta kwanta min ba, in goge, in sake. Kafin in ankara dare ya raba, ban ƙara ko layi ɗaya ba. Na taɓa tura babi uku na farko ga wani kamfanin ɗab'i, aka yi ta shiru, daga baya suka aiko da layi biyu wai bai dace da tsarinsu ba. Ƙawata da muka fara tare tuni ta fitar da littattafanta, ana ta yabo. Wallahi ina taya ta murna, amma in na kaɗaita sai zuciyata ta yi nauyi. Maigidana yana cewa in yi haƙuri, komai lokaci ne. Anti, har yaushe? Ko dai ba ni da baiwar ne?

Ƙanwarki mai neman mafita

Wa alaikis salam ƙanwata,

Maganar baiwa mu jingine ta tukuna, domin ba ni ba, ko editan da ya mayar miki da aiki ba shi da hurumin yanke wannan hukunci. Babi uku ya gani. Ke kanki ba ki san marubuciyar da kike ba, tunda ba ki taɓa kai labari ƙarshe ba.

Maigidanki ya yi gaskiya, sai dai haƙurin da kike yi yanzu na zagaye wuri ɗaya ne. Babin farko ba ya gyaruwa sai an san na ƙarshe. Sau da yawa sai marubuci ya kai tsakiyar labari yake gane cewa wadda ya ɗauka tauraruwa ba ita ba ce, ƙanwarta ce da ya ajiye a gefe, ko kuma ainihin labarin daga babi na huɗu ya fara. Ranar da hakan ta faru da ke, jimlolin nan da kike hana idonki barci a kansu za ki yanke su da hannunki. Kina ta shafa wa bango fenti alhali ba a ɗora rufi ba.

Saboda haka na hana ki buɗe babukan nan uku. Ki rufe su. In kina tsaka da babi na shida kika tuna wani abu da ya kamata a canza a baya, rubuta shi a wata takarda daban, misali "a mayar da mahaifin ya rasu tun farko", sannan ki ci gaba kamar an riga an gyara. Rubutun zai fito da muni a wurare da yawa. Bar shi. Daftarin farko ba na nuna wa kowa ba ne.

Sai maganar lokaci. Anthony Trollope, marubucin Ingila, ma'aikacin gidan waya ne na shekaru da dama. Ƙarfe biyar da rabi na asuba yake zama a teburinsa, agogo a gabansa, yana neman kalma 250 a kowane minti goma sha biyar, kafin ya tafi ofis. Da haka ya bar ƙagaggun labarai 47. Ko da yake, in za a faɗi gaskiya, shi yana da wanda yake biya ya tashe shi ya kawo masa kofi, ke kuwa ga makin jarrabawa ga hidimar gida. Toni Morrison, marubuciyar Amurka, ta fi kusa da halinki: aikin edita take yi, ga 'ya'ya biyu ita kaɗai, sai ta riƙa tashi kafin gari ya waye ta yi rubutu. Littafinta na farko ya fito a 1970 tana da shekara 39, a 1993 kuma ta karɓi kyautar Nobel. Ban ce ki yi gasa da su ba. Ki ɗauki abin da ba zai gagare ki ba ko a ranar gajiya, shafi ɗaya ko rabinsa, a lokaci guda kullum.

Game da kamfanin da ya mayar miki, za ki ji ana ta ba da labarin J.K. Rowling, marubuciyar Harry Potter, wadda kamfanoni 12 suka ƙi littafinta kafin kamfanin Bloomsbury ya buga shi a 1997. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ta riga ta gama littafin kafin ta fara turawa. Da editan nan ya ce miki "turo sauran", me za ki tura? Kuma kada labarai irin wannan su ruɗe ki, wani lokaci mai mayarwar ne ke da gaskiya, aikin bai nuna ba. Layi biyu irin wanda kika samu ba ya gaya miki komai. Ranar da edita ya ɓata lokacinsa ya rubuto miki inda labarin ya yi rauni, wannan wasiƙar ki riƙe ta da kyau.

Ƙawarki kuwa, nauyin zuciyar nan ba hassada ba ce, kada ki tsananta wa kanki. Amma ki daina leƙa yabon da ake mata a lokacin da kika ware wa rubutu. Ki je ki same ta, ki tambaye ta yadda take ƙetare tsakiyar labari, inda yawancin marubuta ke maƙalewa, ki kuma roƙe ta ta zama mai karanta miki na farko. Ku tsayar da watan da za ki miƙa mata cikakken daftari, kuma ki ba ta izinin ta dame ki da waya in watan ya kama.

Antinki