Ruwan Azurfata Ya Koma Toka-Toka, Ina Kuskuren?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haɗa ƙananan ƙwayoyin azurfa da robar PVA (wata roba mai narkewa a ruwa) don in samu falle mai kashe bakteriya. Ruwan kan fara da rawaya, can sai ya rikiɗe toka-toka, fallen kuma bai kashe komai ba. Ina na kauce?
— Wata ɗaliba

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Launin ne ya tona asiri. Rawaya garau na nufin ƙwayoyin na warwatse, girmansu kamar nanomita 10 zuwa 20 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). Toka-toka kuwa sun riga sun cure, kuma abin da ya cure ba ya komawa. Zubar ki sake.

Ki narkar da giram 0.017 na silba naitiret (gishirin azurfa) a ruwa mililita 100, da giram 0.0076 na sodiyom borohaidiraid (sinadarin da ke mayar da gishirin ƙwayoyin azurfa) a wani mililita 100. Na biyun kada a haɗa shi sai za a yi aiki da shi, domin yana lalacewa cikin ruwa. Ki ɗibi mililita 30 daga gare shi, ki tsoma kwalbar cikin ƙanƙara, ki riƙa ɗiga masa mililita 10 na ruwan silba naitiret ɗin, ɗigo ɗaya a daƙiƙa, kina juyawa. Da ɗigon ƙarshe ya sauka, ki tsaya cak. Yawancin ɗalibai a nan suke ɓata aiki, don juyawa bayan an gama ita ke cure ƙwayoyin.

Tataccen ruwa kawai. Na famfo akwai kuloraid a ciki, zai kama azurfar ya yi farin gari a gindin kwalba. A kuma naɗe kwalbar, haske na baƙanta silba naitiret.

PVA giram 5 a mililita 100 zai narke a zafin kamar digiri 90 na Selsiyas. Ki bari ya huce kafin ki gauraya shi da ruwan ƙwayoyin azurfar, ki zuba a faranti ya bushe.

Kisan kuwa ba ƙwayar kanta ke yawan yin sa ba, ayon ɗin azurfa (zarrar azurfa mai cajin lantarki) da take saki ne, kuma sai da danshi da iska. Ki gwada kan bakteriyar E. coli da ta Staphylococcus aureus a digiri 37 na awa 24, gefe guda ga falle marar azurfa don kwatance. Rashin da'irar da bakteriya ba ta tsiro a ciki ba a kewayen falle ba hujjar gazawa ba ce, wataƙila robar ta riƙe azurfar gam. Sai ki koma ƙirga bakteriyar da ta rayu a saman fallen, bisa tsarin ISO 22196, ƙa'idar duniya ta gwada kisan bakteriya a saman roba.