Tambaya da amsa: Rewaya ya ce sai an canza BCM, in saya ko in dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Camry ce gare ni ta 2008, wadda ake ce ma Masul. Tun ruwan watan Agusta motar ta rikice, sakatar ƙofa ta riƙa ƙas-ƙas ita kaɗai cikin dare, fitilun ciki su ƙi mutuwa, da safe in iske batir ya kwanta. Rewaya ya ce BCM, wato kwakwalwar da ke sarrafa fitilu da sakatar ƙofa, ita ce ta ƙone, sai an sawo 'yar Beljiyam daga Kano, kuɗin kuma sun kusa albashina. Akwai fis ɗin da ke yawan yankewa, ya naɗa mashi waya ya ce haka zai riƙe. Da ita nike kai yara makaranta, wallahi tsoro nike ji. Daga wani ɗan uwa, Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka dakata, kar ka tura ma kowa ko sisi tukuna. Kuma tsoronka na kan hanya, don wagga waya da anka naɗa ma fis ta fi BCM ɗin tada mani hankali, zan dawo kanta.

BCM na mutuwa, ba ƙarya ba ne, amma a yawancin motocin da ake kawo mani da wanga ciwon ita ba ta da laifi. Sai a fara da batir, mota a kashe ya nuna wajen bolt 12.6, tana aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.7, in ya kauce ma haka to a nemi altaneta ko batir ɗin, zafin Sakkwato ba ya barin batir ya daɗe. Sannan wayoyin at da ke ɗaure jikin bodi, a kwance a goge tsatsa a ɗaure. A Camry taka BCM ɗin na haɗe da akwatin fis na ƙarƙashin dashbod gefen direba, tunda ka ce da ruwa abin ya fara to ka ɗaga kafet ka taɓa soson ƙasa da hannunka, in da danshi ka zare soket ɗin BCM ka haska tocila, in ka ga kore-kore bisa fil ɗin ka sami ɓarawonka. Musamman in an taɓa canza gilashin gaba ba a sa gam da kyau ba. A duba wayoyin da ke cikin robar nan ta tsakanin ƙofar direba da bodi, buɗe-rufe na karya su. Kuma wani abu da ba ka faɗa ba, an taɓa sa ma motar sikiyoriti ko tiraka, wato na'urar bin sawun mota? Sakata mai ƙara da dare sau da yawa aikinsu ne. Bayan wanga duka a sa kwamfuta, ko ta kawo lambar matsala U0140 cewa kawai ta yi sauran kwakwalen sun daina jin BCM, yankewar waya ko rashin wuta ma na kawo haka. A auna wutar da mota ke sha tana kulle bayan kamar rabin awa, kar ta wuce miliyamp 50 sosai.

To fis. Wallahi na gaji da wagga magana, kusan kullum sai na zaro fis na iske an naɗe shi da silin waya ko takardar kwalin taba mai ƙyalli, kuma mai motar na murna wai an yi mashi dabara. Wai fis ɗin yanzu ba ya da ƙwari. To shi fis don ya yanke anka yi shi, in ya yanke ya gaya maka akwai shot wani wuri ne, wato waya mai wuta ta taɓa bodi ko wata waya, kai kuma ka toshe mashi baki. Launin fis na nuna ƙarfinshi, ja amp 10 ne, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30, kuma kowane an auna shi da kaurin wayar da ke bayanshi, in ka sa kore gurbin ja ma ka yi ɓarna balle waya da ba ta da lamba. Wutar da ta kamata ta tsaya bakin fis sai ta wuce, waya ta yi zafi, roba ta narke ta manne da ta kusa da ita, daga nan sai cikin allon BCM. Abin takaici shi wanda ya naɗa wayar shi ne zai dawo ya ce maka kwakwalwa ta ƙone, ya karɓi kuɗin sabuwa, ya jona ta bisa shot ɗin da bai nema ba, sati biyu ita ma ta bi 'yar uwarta, sai a ce ai 'yan kasuwa ne sunka ba da mara kyau.

Da bazarar bara an jawo mani wata mota daga wajen Arkilla, mai ita ya ajiye ta gindin darbejiya ya shiga sallar Azahar, ya fito ya iske hayaƙi cike da gilashi, Allah ya sa yaran unguwa sunka cire kan batir. Da munka buɗe dashbod wayoyin sun dunƙule wuri guda kamar alewar da ta sha rana, ga fis nan da jan ƙarfe naɗe sau huɗu, ko ɗumi bai yi mashi komi ba. Kuma ka sani layin fitilun ciki da sakata na da wuta ko makulli na aljihunka, wato tana iya kamawa kana barci, mota cikin gareji jikin ɗakin yara. Wanda bai iya bin layi da mita ya gano shot ba ya ce bai iya ba, ba abin kunya ba ne, amma ka karɓi amanar mutum ka sa mashi ashana ƙarƙashin sitiyari, ka ji tsoron Allah mana.

In an gama bincike ta tabbata ita ce, a ciro taka a karanta lambar da ke jikinta a sawo mai lamba iri ɗaya, kar a yarda da "ai duk Masul ce", ta Amurka da ta Dubai ba lallai su zo ɗaya ba. A yi sharaɗin maidawa in ba ta yi ba, a cire kan batir kafin a jona, a gwada rimot da gilasai bayan nan. Masu Fijo 406 da 307 ku naku daban ne, BSI, wato irin taku BCM ɗin, na riƙe da lambar makulli, in ba a yi mata furogiram da PIN ba mota ba ta tashi.

Yau dai kafin Magariba ka zare wanga fis mai waya, ka duba murfin akwatin ka sa mai lambar da anka rubuta. In ya sake yankewa ka bar gurbin hakanan, ka riƙa cire baƙin kan batir da dare, ka turo mani sunan da ke rubuce gefen gurbin.