Tambaya da Amsa: Malam ya ce labari na ba shi, ba nazari ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, don Allah a taimaka min. Ni ɗaliba ce ina karanta Hausa a wata kwaleji nan Bauchi, an ba mu aiki mu yi nazarin jigo a littafin Shaihu Umar, wallahi kwana uku na yi ina rubutu har shafi bakwai na cika, da takardar ta dawo sai na ga malam ya sa jan biro ya rubuta wai labari na ba shi ba nazari ba, maki 4 cikin 15 fa. To ni abin ya ɗaure min kai, in ban faɗi abin da ya faru a littafin ba me zan faɗa? Ya ce mu sake kawowa nan da sati biyu. Daga ƙanwarki a Jahun.

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanwata. Ki yi haƙuri amma ni dai ban ga laifin malam ba, mutumin nan ƙila ya karanta littafin ya fi sau ashirin, sai ga shi kin zaunar da shi kina ba shi labarin yadda aka sace Umar yana yaro, kin ga ai kin kai wa mai rijiya tallan ruwa ke nan. Abin da yake nema shi ne me kika gani a cikin labarin, kuma a wane shafi kika gan shi.

Kuma na san abin da kika rubuta a ƙarshe ko ban ga takardar ba, "jigon littafin shi ne bauta" ko "haƙuri", shi ke nan kin rufe. Kalma ɗaya ai kan magana ce kawai, kowa a ajinku ita zai rubuta. Sai kin mayar da ita jimla wadda wani zai iya yi miki musu a kai, sannan aiki ya fara. Ga misali. Uwa da ɗa duk sun faɗa hannun masu cinikin bayi, duk an tsallaka hamada da su, amma shi ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim ya yi karatu har ya zama shaihi, ita kuwa da ta fita neman ɗanta wahala ce ta yi ta cin ta. To me marubucin yake nufi da raba musu rabo haka? Tir yake yi da bauta, ko nuna mana yake ƙaddara ba ta da makawa? Ki zaɓi ɗaya, ko ki ce biyun ne ke ja-in-ja a littafin, ni ma can na fi karkata, amma duk wanda kika ɗauka sai kin kawo shaida.

Shaidar kuma ba a cikin kai take ba, tana kan takarda. Ki ajiye wayar nan gefe, ki ɗauki fensir, ki zaɓi wuri biyu ko uku kacal, ko shafi ɗaiɗai ne ya isa, ki karanta a hankali har sau uku, na ukun da ƙarfi kamar kina karanta wa Inna. Duk kalmar da ta yi ta dawowa ki ja mata layi. Ki duba wa ke magana, wa aka hana magana, ina aka yi sauri aka wuce ina kuma aka tsaya ana ta bayani, in akwai karin magana ko kamantawa ki tambayi kanki me ya sa aka ajiye ta daidai nan. Babban abin da ɗalibai ke tsallakewa a wannan littafin shi ne mabuɗinsa, ai Umar ne da kansa yake ba almajiransa tarihinsa bayan ya girma ya natsu a Rauta, ke nan duk wahalar da uwar ta sha ta bakin ɗan muke jin ta, da muryar malami mai tawakkali. Da ita ce ke ba da labarin kina jin haka zai fito? Wannan tambayar kaɗai za ta ba ki shafi biyu.

Wajen rubutawa kowane sakin layi ki fara da abin da kike iƙirari, ki ɗauko layi ɗaya ko biyu daga littafin da lambar shafi, sai ki warware, kuma warwarar ta fi abin da kika ɗauko tsawo, don wasu sai su kwafe rabin shafi su rubuta "wannan ya nuna haƙuri" a ƙasa su wuce abinsu. Tarihin marubuci kuwa layi biyu ya isa, cewa Abubakar Tafawa Balewa yana malamin makaranta ya rubuta shi don gasar 1933 da wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya a Zariya. Mu 'yan Bauchi da an taɓo shi sai mu zarce har Firayim Minista da 1966 da kabarinsa, malam kuwa ba maki zai ba ki a kan wannan ba. Shafi huɗu masu nama sun ishe ki.

TAMBAYA: Anti ana iya yin nazarin jigo a kan littattafan nan da muke karantawa a WhatsApp da Wattpad? Daga wani ɗanki a Pantami, Gombe.

AMSA: Sosai ma ɗana, jigo ai bai san takarda ko waya ba. Sai dai ka fara tambayar malaminka ko ya yarda, kuma ka tabbata littafin ya kammala, kar ka gina hujja a kan tauraruwar da marubuciya za ta kashe ranar Juma'a. Tunda babu lambar shafi sai ka riƙa ambaton babi ko lambar fitowa, ka kuma adana kwafinka don wani lokacin ana gogewa.