Inji ka koya, ba janareto ba

Ɗana, tambayar da ka yi mini jiya muna tattara sufanu, na yi shiru ne saboda akwai mutane. Ka ce tunda fetur ya yi tsada jama'a sun rage kunna janareto, abin da ba a kunnawa kuma ba ya lalacewa, to anya ba ɓata ƙuruciyarka kake yi a gareji ba? Har ka ce gara ka bi 'yan garinku kasuwar Mile 12 ka kama sayar da albasa. Ban ga laifinka ba. Aiki uku kacal ya shigo mana satin nan, ni ma ina ƙirgawa.

Kafin ka zo hannuna, ni bakaniken babur ne a Obalende, a nan Legas. Tun da asuba 'yan acaɓa suke layi, wannan canjin baƙin mai, wancan kulocinsa ya ƙone. Sai ga 1 ga Fabrairun 2020, gwamnatin Sanwo-Olu, gwamnan Legas, ta hana acaɓa da Keke Napep a Ikeja da Surulere da Apapa da Ikoyi da namu yankin, har da manyan tituna da gadoji. Cikin kwanaki gareji ya zama kufai. Wasu suka loda baburansu a tirela suka yi Arewa da bashina a wuyansu, har yau ban sake jin ɗuriyarsu ba. Masu zuwa jaje kowa sai ya ce mini wani hanin ga Allah baiwa ne. Gaskiya ne, amma mai gidan haya ba ya karɓar karin magana.

Ina zaune wata rana ina korar ƙuda, sai ga wata dattijuwa Bayarabiya, yaro na turo mata injin markaɗe a baro, duk jikinsa busasshen tattasai. Na ce, "Mama, ni babur nake gyarawa." Ta dube ni, ta dubi garejin da ko taya babu, ta ja benci ta zauna. Don kunya na ɗauko sufana. Da na buɗe, me zan gani? Fistin ɗaya, fulogi ɗaya, bawul biyu, ga kafireta ta toshe da datti. Abin da na yi shekaru ina kwancewa a cikin babur ƙirar Boxer ne, sai dai shi ba ya zuwa ko'ina. Ko rabin awa ban yi ba ya tashi, ƙararsa ta cika layin. Kuɗin da ta ba ni bai taka kara ya karya ba. Abin da ya hana ni barci daren nan shi ne sau nawa na kori irin wannan aiki da bakina, don kawai na saka wa kaina sunan mai gyaran babur. Injin ban ruwa, injin wankin mota, janareto, duk dangin juna ne. Lokacin da aka sake tsananta dokar a 2022, ana kama babura ana murƙushewa, ni tuni na yi nisa.

To kai ma sunan da ka saka wa kanka ne ya tsare maka ido. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 a nan Legas, daga baya ma ta haura 1,000. Kai abin da ka hango shi ne janareto a kashe. Amma mai aski da tela da mai sayar da ruwan sanyi, ka ji sun ce sun daina bukatar wuta? Tsadar mai ce ta dame su, kuma duk wanda zai rage musu ita, shi za su nema.

Shi ya sa ka ga ina sa wa janareto kafireta mai cin gas da fetur. Aikin ba wuya, amma ba ya son ganganci. Ɗan ƙaramin nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, kada ka taɓa shi, domin ta cikin fetur ɗin yake samun man da ke hana fistin ƙamewa. Mai rumbun baƙin mai daban shi ake juyawa. In ka ɗaura tiyo, shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Ka ga kumfa na tasowa, kwance ka sake. Tukunyar gas nesa da salansa, janareto kuma a waje, ba cikin shago ba. Kuma ka faɗa wa mai kaya gaskiya: gas ma farashinsa hawa da sauka yake, a yi lissafi tukuna, kuma ya riƙa kawo shi ana duba bawul, don gas ya fi fetur busar da su.

Gobe ka zo da wuri. Janareton mai askin nan na bakin masallaci yana jiranmu, kai za ka kwance kafiretar da hannunka, ni zan zauna gefe. Ka biyo da sabulun gari na naira ɗari.