Amsar wani dattijo kan bin dokokin Allah: ni da muduna biyu

Salama a gare ku cikin sunan Yesu. Ɗana, tun shekaranjiya na ga tambayarka, na yi shiru ne don in bar malamai su fara. Ka ce in da alheri aka cece mu, ba da ayyuka ba, kamar yadda Afisawa 2:8-9 ta faɗa, to mene ne amfanin wahalar da kai da bin doka? Ka kuma ce wace dokar ma za mu bi, tunda ba ma yanka rago don zunubi, yawancinmu kuma ba ma kiyaye Asabar? Kada kowa ya ce maka ka yi saɓo don ka yi wannan tambaya. Tun zamanin Bulus ake yin ta, duba farkon Romawa 6.

Ni ba fasto ba ne. Ban zauna a ajin tauhidi ba, ko a Kagoro ko a Jos. Ɗan hatsi ne ni, shekara talatin da 'yan kai ina awon masara da dawa a Saminaka. A bakin buhu na koyi amsar da zan ba ka, kuma da kunya na koye ta.

An yi mini baftisma a 1984. Daga ranar na zama irin mutumin da ake nuna wa yara a ce ku yi koyi da shi. Ba na shan burkutu, ba na taɓa sigari, matata ɗaya, addu'ar safe ba ta wuce ni, zakkata ba ta fashi ko da wata ɗaya. Har aka ɗora mini ajiyar kuɗin ikkilisiya, kobo bai taɓa ɓata a hannuna ba. Da a lokacin ka tambaye ni ko ina bin dokokin Allah, da na amsa maka da ƙarfin gwiwa, wataƙila ma in ɗan yi maka wa'azi a kai.

Amma a rumfata mudu biyu gare ni. Akwai na saye, wanda aka buɗa bakinsa ya ɗan yi faɗi, da shi nake auna hatsin manoman da suke kawowa da kaka. Akwai na sayarwa, wanda aka bubbuga gindinsa ya shige ciki, da shi nake auna wa masu cefane. In ka ajiye su kusa da juna ba lalle ka ga bambanci ba, sai ka auna buhu guda tukuna. Ban ƙirƙiro wannan ba, haka na tarar a wurin maigidan da ya koya mini sana'a, kuma ban taɓa kiran abin sata ba. Sunansa a bakina shi ne "kasuwa". Coci daban, kasuwa daban, haka na raba su a raina, na kuma yi shekaru ina barci lafiya.

Wanda ya tayar da ni ba mai wa'azi ba ne. Wani Alhaji ne maƙwabcin rumfata, dattijo mai ƙarancin magana. Wata rana wata gwauruwa ta dawo da masarar da ta saya a wurina, ta ce mudu goma ta biya, ta auna a gida bai kai ba. Na ce mata mudun gidanta ne ya yi girma. Ta tafi tana gunaguni. Bayan la'asar, kasuwa ta lafa, Alhaji ya matso da kujerarsa ya ce, "Dattijo, in tambaye ka mana. Mu a wurinmu sura guda aka saukar a kan masu tauye mudu. Ku a naku littafin babu maganar mudu ne?" Bai ɗaga murya ba, bai kuma jira amsa ba, ya koma rumfarsa.

Daren nan na ɗauko Littafi Mai Tsarki da niyyar in samo abin da zan mayar masa. Abin da na samo ya fi ƙarfina. Maimaitawar Shari'a 25:13-16 ta hana mutum ajiye ma'auni iri biyu a jakarsa, ta hana shi ajiye mudu iri biyu a gidansa, babba da ƙarami, ta kuma kira mai yin haka abin ƙyama ga Ubangiji. Kamar wanda ya rubuta ya leƙa rumfata. Firistoci 19:35-36 ma haka. Karin Magana 11:1 haka. Da na kai Amos 8 kuwa sai jikina ya yi sanyi, domin mutanen da annabin yake yi wa faɗa masu kiyaye ranar ibada ne. Suna zaune suna ƙosawa Asabar ta wuce su buɗe rumbu, su rage mudu, su ƙara farashi, su haɗa da ƙaiƙayi su sayar wa talaka. Ni ke nan, sai dai ni Lahadi nake jira ta wuce.

To, bari in koma kan tambayarka ta fari. Buɗe Fitowa 20 ka karanta aya ta 2 kafin ka shiga Dokoki Goma. Yawancinmu tsallake ta muke yi tun a makarantar Lahadi, saboda ba ta cikin abin da ake haddacewa. A nan Allah ya fara gabatar da kansa a matsayin wanda ya riga ya fisshe Isra'ilawa daga Masar, daga gidan bauta. Sai da suka haye teku, Fir'auna ya zama labari, sa'an nan aka kai su Dutsen Sina'i. Bai aika wa bayi da doka a Masar ya ce in kun cika zan zo in fitar da ku ba. Ceto ya riga, doka ta biyo baya, don mutanen da suka saba da bulala su koyi zaman 'ya'ya. Ayar Afisawa da ka kawo ma haka ta jera abin. Ka tsaya a aya ta 9, amma ta 10 tana nan biye, tana cewa an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka. Ɗan da yake share tsakar gidan ubansa ba kuɗin haya yake biya ba, gidansu ne. Wanda kuma ya ce tunda gidan ubansa ne zai yi bayan gida a zaure, sai a fara shakkar ko ya san wane ne ubansa.

Ni matsalata ita ce na juya abin. Zakkata da rashin shan giyata sun zama mini kamar rasit da nake tarawa, in nuna wa Allah ran da ya tambaya. Mai tara rasit kuwa yakan zaɓi dokar da ba ta ci masa kuɗi da yawa. Barin burkutu bai rage ni da komai ba, da ma ba na sha'awarsa. Mudu shi ne inda abincina yake, shi ya sa ban taɓa ganin ayoyinsa ba, alhali ina karanta littafin nan kowace safiya. Sarki Saul ya yi irin wannan a 1 Sama'ila 15. Ya bar kyawawan tumaki da shanun Amalekawa da rai, alhali an umarce shi ya hallaka su duka, da aka tuhume shi ya ce ai hadaya zai yi da su. A nan Sama'ila ya gaya masa biyayya ta fi hadaya. Zakkar da nake kaiwa bagade, daga cikin masarar gwauruwar nan aka cire ta.

Maganar wace doka kuwa, malaman Yahudawa sun ƙidaya umarni 613 a cikin Attaura. Ikkilisiyar farko ta yi wannan gardamar sosai, har manzanni da dattawa suka zauna a Urushalima, labarin yana Ayyukan Manzanni 15. Wasu sun ce sai al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, sun yi kaciya sun bi Shari'ar Musa kafin su sami ceto. Bitrus ya miƙe ya ce kada a ɗora wa almajirai karkiyar da su da kakanninsu ba su iya ɗauka ba. Aka rubuta wasiƙa ba a ɗora kaciya ba. Hadayun dabbobi kuwa Ibraniyawa 10 ta ce inuwa ce, Almasihu ya miƙa kansa sau ɗaya ya gama, kuma tun da Romawa suka rushe Haikali a shekara ta 70 babu ma bagaden da za a kai su. Maganar abincin da aka haramta kuwa, duba Markus 7:19. Asabar ba zan ja da kowa a nan ba. 'Yan'uwanmu Adventist na Jengre suna sujada ran Asabar, na yi ciniki da su shekaru, mutanen kirki ne. Mu muna taruwa ran Lahadi don ranar da Ubangiji ya tashi ce. Romawa 14:5 ta ce kowa ya tabbata a ransa.

Amma ka lura, babu inda aka soke maganar mudu. Da aka tambayi Yesu babbar doka a Matiyu 22, ya ce ka ƙaunaci Allah da dukan zuciyarka, ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka, a kan waɗannan biyu dukan Attaura da annabawa suke rataye. Duk dokar da ta rataya kai tsaye a kan halin Allah da haƙƙin maƙwabci tana nan daram: kada ka yi sata, kada ka yi zina, kada ka yi shaidar zur, ka girmama iyayenka. Yesu ma bai sassauta su ba, zurfafa su ya yi a Matiyu 5, ya kai kisa har ga fushi, ya kai zina har ga kallo. Wanda ya ce maka Sabon Alkawari ya fi sauƙi bai karanta wannan sura da kyau ba.

Wani abu da yake damuna a ikkilisiyoyinmu, in kun yarda in faɗa, shi ne mun iya tsare ƙananan dokokin da ido yake gani. Yarinya ta shigo ba ɗankwali, kafin ta zauna an aika mata da 'yar Zumuntar Mata. Yarinya ta yi ciki, an sa ta ƙarƙashin horo a gaban jama'a, wani lokaci wanda ya yi mata yana zaune cikin mawaƙa. Amma ban taɓa ganin an hana wani Jibin Ubangiji don ya riƙe albashin direbansa wata huɗu ba, ko don ya cinye gonar marayun ɗan'uwansa. Na zauna a majalisar dattawa, da ni aka yi wasu hukunce-hukuncen, ba wani nake nunawa da yatsa ba. Yesu ya gaya wa Farisiyawa a Matiyu 23:23 cewa suna fitar da zakka har ta ganyen miya, sun bar gaskiya da jinƙai da aminci. Bai ce su daina zakkar ba, ya ce da sun yi wannan ba su bar wancan ba.

Kada ka ɗauka washegari na jefar da mudun. Wata uku na yi ina kokawa. Na ce sai bayan kaka, na ce sai na biya kuɗin makarantar yara, na ce in ni kaɗai na gyara ai kasuwa ba za ta canja ba. Maman yara ce ta gaji da juye-juyena da dare, ta ce, "Baban yara, ko ka bar mudun ko ka mayar musu da littafin kuɗin coci, ba za ka riƙe duka biyu ba." Na sayi sabon mudu guda ɗaya, saye da sayarwa.

Riba ta ragu, kuma ba ta dawo yadda take ba. Ina faɗin wannan ne saboda masu wa'azin da suke cewa in ka yi biyayya yau, gobe mota za ta tsaya a ƙofarka. Ni mota ba ta tsaya ba. Abokan sana'a da suka ci gaba da mudu biyu sun riga ni gina gidan bulo. Na daɗe ina jayayya da 1 Yahaya 5:3 da ta ce umarnansa ba su da nauyi, don ni na ji nauyi a aljihuna. Abin da ya canja a hankali shi ne, na daina jin faɗuwar gaba in na ga mai saye ya zo da nasa mudun. Na daina jin haushin manomi in ya tsaya yana ƙirga awo da ni. Wata rana na tsinci kaina ina ƙara wa wata tsohuwa gyara har sau biyu ba ta roƙa ba, kuma raina bai ɓaci ba. Ni na san halina da rowa, wannan ba daga gare ni ya fito ba. Ezekiyel 36:26-27 ya yi alkawarin sabuwar zuciya, da Ruhun da zai sa mutum ya bi ƙa'idodin Allah. A rumfar hatsi na gane abin da ake nufi: cika mudu doka ce, ana iya tilasta wa mutum, gyara kuwa babu sarkin kasuwar da zai iya sa ka.

Ramuwa ita ce ta fi wuya. Zakiyus ya ce zai mayar riɓi huɗu ga duk wanda ya zalunta, Luka 19:8. Ni ban kai haka ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Manoman da na auna wa shekara da shekaru sun bazu a ƙauyuka, wasu sun mutu. Waɗanda na sani na bi su da abin da na iya, wani ya karɓa, wani ya yi dariya ya ce coci ta taɓa mini kai. Gwauruwar nan na kai mata rabin buhu har gida, na gaya mata mudunta ne mai gaskiya. Ta dube ni ta ce, "Ai na sani." Alhaji kuwa har ya rasu bai sake tayar da maganar ba, sai dai in ya tafi masallaci ni yake bar wa rumfarsa.

Tsohon mudun sayarwar yana nan a gida. Na so in jefa shi a rijiyar da ta mutu, Maman yara ta hana. Da shi take ɗibar wa kaji dusa.