Kafin ka taɓa injin kwashe dusar ƙanƙara

Ƙanena, saƙonka na uku ke nan a wata guda. Wai in ka samu bizar karatu ka iso jihar Minesota ta Amurka, za ka riƙa kwashe wa mutane dusar ƙanƙara da inji kana tara kuɗin makaranta, don ka ga wani yana yi a Facebook. To, bizar ɗalibi ta F-1 ba ta yarda ka yi aiki a wajen makaranta ba sai da izini, a cikin makarantar ma awa 20 ne a mako lokacin karatu. Wannan ka ajiye a ranka.

Injin dai ko ba don kuɗi ba za ka taɓa shi. A nan birnin Miniyapolis doka ce a share hanyar ƙafa ta gaban gida cikin awa 24 bayan dusa ta tsaya, kuma masu gida da yawa ɗan haya suke ɗora wa.

Shekarata ta biyu a nan, cikin watan Maris, aka yi irin dusar nan mai ruwa-ruwa, mai nauyi kamar kwaɓaɓɓen laka. Bututun da ke feso ta ya toshe. Na kashe injin, na ce ai ya mutu, na nufi bututun da hannu. Wani dattijo maƙwabcina ya daka min tsawa daga ƙofarsa. Ya zo da sanda ya zungura, dusar na saki sai farfelar ciki ta juya da ƙarfi ta tsinke sandar gida biyu. Injin a kashe, wallahi! Dusar ce ta danne farfelar tana ɗaure da sauran ƙarfinta, ana buɗe mata hanya ta sake shi. Har yau in na tuna sai na kalli yatsuna. Safar hannu ba ta kare komai, jawo hannun ma take yi. Akwai 'yar sandar roba da ke zuwa maƙale a jikin injin, aikinta ke nan, buɗe bututun in ya toshe.

Kar ka tayar da shi a gareji a rufe. Hayaƙinsa irin na janareta ne da ke kashe iyali a ɗaki. Fetur kuma a waje ake zubawa, bayan ya huce. Kafin dusa ta sauko ka kwashe jarida, wayar wuta da duwatsu daga hanya, don duk abin da ya haɗiye harbo shi yake yi, gilashin motar maƙwabci kuwa ba arha ba. Ka juya bututun inda iska ta nufa, in ba haka ba kai za ka yi wanka.

Jallabiya da doguwar hirami a bar su a ɗaki, inji na kama su. Rigar sanyi kuma kar ka wahalar da Umma zuwa Kwari, ta hunturun Kano ba ta jure digiri 25 ƙasa da sifili. In ka zo mu saya a nan.