Motar Da Mai Ita Ke Haɗawa Da Hannunsa

Tambaya: Malam, da gaske ne a Ingila ana sayen motar tsere a wargaje, mutum ya haɗa ta a gidansa? Yaya ake kula da ita? Daga mai karatu a Kaduna.

Amsa: Gaskiya ne. A 1957 Colin Chapman, wanda ya kafa kamfanin motoci na Lotus, ya fito da Lotus Seven, mota mai kujera biyu marar rufi, kuma ana sayar da ita a wargaje saboda a lokacin harajin sayen mota ba ya hawa kan wadda ba a haɗa ba. A 1973 kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta, kuma har yau yana tura ta cikin akwatuna: firam na bututun ƙarfe, jiki na alminiyom, inji, giyabos da birki. Nauyinta bai wuce kimanin rabin tan ba, shi ya sa ƙaramin inji, galibi na Ford, ke ba ta saurin ban mamaki. Bayan haɗawa, dole ta ci gwajin hukuma na IVA, wato binciken da ke tabbatar da cewa motar ta cancanci hawa titi, kafin a yi mata rajista.

Wajen kula kuwa, masu ita kan bi notuna da sifana bayan tafiye-tafiyen farko domin girgiza na sassauta su, su duba baƙin mai da ruwan birki, sannan su leƙa ƙarƙashin firam inda tsatsa ke fara ci, musamman bayan hunturu da ake zuba gishiri a tituna. A ganina babbar illarta ita ce kusancinta da ƙasa, don ƙaramin tudun rage gudu ma kan iya fasa mata kaskon mai.